WANDA YA KULLE ƘOFA, SHI KE DA NAUYIN MAGANI

Jawabin da aka yi wa jama'ar Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a taron neman ƙuri'a na babban zaɓe.

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke saurare daga bakin zaure, samari da 'yan mata, ina gaishe ku, ina kuma yi muku godiya da kuka bar ayyukanku kuka zo kuka tsaya cikin wannan rana. Na sani waɗansunku daga gona su ke, waɗansu daga kasuwar Dawanau, ko gida ba su shiga ba. Allah ya saka muku da alheri.

Kun saba idan ɗan siyasa ya hau teburi a nan, maganar taki za ya yi muku, da rijiya, da hanyar mota. Duk waɗannan suna cikin manufofin jam'iyyarmu, abokan tafiyata kuma za su yi muku bayaninsu. Ni yau wata magana na zo da ita wadda ba a cika yin ta a dandali ba, domin masu ita ba su da ikon zuwa dandali. Watau maganar mutumin da hukuma ta kama ta rufe, ciwo ya same shi a rufen, ko kuwa da ciwonsa aka shigar da shi. Shin wa ke da nauyin yi masa magani? Ku ba ni aron hankalinku.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Ku tuna da watan Agusta na 2024, sa'ad da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. An kama mutane da yawa, aka kwashi waɗansu zuwa Abuja, aka tsare su wajen wata uku. Ran Jumma'a, 1 ga Nuwamba 2024, aka fito da mutum 76 aka kai su gaban Babbar Kotun Tarayya bisa tuhumomi, har da ta cin amanar ƙasa. Kimanin 30 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 18 ba, galibin waɗanda aka kawo kuwa 'ya'yan Kano ne. Duk mai waya a hannu ya ga hotonsu: ido ya zurma, haƙarƙari a waje, riga ta yi musu yawa. Tun ba a yi nisa da zaman ba, huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Hukumar 'yan sanda ta ce wai shiri ne aka yi don a ja hankalin jama'a. Kotu ta sa belin kowane ɗaya a kan Naira miliyan 10. Ku ji fa, yaron da ubansa bai taɓa riƙe miliyan guda a hannunsa ba.

Sai da ƙasa ta yi ca, sa'an nan Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umurni ran 4 ga wata a sake su, kashegari aka janye ƙarar. Da aka dawo da namu na Kano, asibiti aka fara wucewa da su kafin a miƙa su ga iyayensu.

To jama'a, ga tambaya. Asibitin nan da aka kai su a ƙarshe, me ya hana a kai su tun a makon farko? Ni ban zo nan in yanke hukunci a kan zanga-zanga ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da na sani shi ne babu kotun da ta same su da laifi, amma jikinsu ya riga ya biya tara. Kuma su Allah ya yi musu gyaɗar dogo, sun faɗi a gaban masu ɗaukar hoto. Nawa ne ke faɗuwa a bayan kanta cikin dare, ba mai gani sai bango?

WANE NE WANDA A KE ZARGI?

Idan aka ce “wanda a ke zargi”, da yawanmu ɗan fashi mu ke hangowa, ko ɗan daba mai ƙwacen waya. Amma ku dubi yadda mu ke zaune a wannan ƙasa tamu. Gona a jikin gona, gida a jikin gida, ba jeji ba saura. Iyakar da ke tsakaninka da maƙwabcinka layin gamba ne, ko ɗan shingen lalle, ko wata tsohuwar kuka. A ce da damina garma ta ci kunya ɗaya ta gonar wani, ko akuya ta tsinke ta shiga gyaɗa. Magana ta yi zafi, aka ɗaga fartanya, aka fasa wa wani kai, shi ma wancan aka karya masa hannu. Kafin la'asar duka biyu suna caji ofis. Wanne ne ɓarawo a cikinsu? Manoma ne, jiya sahu ɗaya suka yi salla.

Ko kuwa yaronka mai tuƙa Adaidaita Sahu ya ɗauko fasinja da kayan da bai san asalinsu ba. Ko aka yi kamen kan mai uwa da wabi a bakin kasuwa, aka haɗa da ɗanki da kika aika sayen magani. Ko rikicin gado ya kai ga wani ya yi maka sharri. Ba wanda ya fi ƙarfin zargi. Shi ya sa Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda a ke tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Mu ma Hausawa tun kaka da kakanni mun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Ƙididdigar hukumar gidajen yari ta 2024 ta nuna akwai mutum sama da 80,000 a tsare a ƙasar nan, fiye da 50,000 daga cikinsu kuwa jiran shari'a su ke yi. Watau cikin mutum uku da ke bayan katangar, biyu ba a yanke musu hukuncin komai ba. 'Yan waƙafi ne, kamar yadda iyayenmu ke cewa. Wani wata shida, wani shekara uku, wani ma ya zarce wa'adin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin.

MAI TURKE SHI KE YANKO CIYAWA

Bari in yi muku misali da abin da kowa ya sani a nan. Da zarar shuka ta fito, kowa ya kan ɗaure awakinsa da tumakinsa a turke. Daga ranar da ka ɗaure su, ciyawarsu ta koma wuyanka, ruwansu ya koma wuyanka, in ɗaya ta kamu da zawo kai za ka nemo mata magani. Ba mai hankalin da za ya ɗaure dabba ya ce ta je ta yi kiwo. Malamanmu ma sun sha gaya mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. In haka ne ga dabba, ina ga ɗan Adam?

Mutumin da ke waje, ko da talaka ne futuk, yana da dabara. Za ya sayar da kaza, ya ci bashi, ya je kemis, ya roƙi ɗan'uwa ya kai shi asibiti a babur. Ranar da hukuma ta turo shi ɗaki ta sa kwaɗo, ta ƙwace duk waɗannan dabaru a lokaci guda. Ba ya iya fita, ba waya a hannunsa, ko ruwan sha sai an miƙo masa. Saboda haka nauyin lafiyarsa ya tashi daga kansa ya koma kan mai riƙe da mabuɗi. Iyakar maganar ke nan, sauran duk bayani ne.

Kuma ciwo ba ya jiran ranar zaman kotu. Mai ciwon suga da ke yin allura kullum, in aka raba shi da ita, kwanaki kaɗan sun isa su jefa shi cikin suma. Mai hawan jini in ya daina shan ƙwayarsa, yana iya wayen gari ɓarin jikinsa ya shanye. Mai farfaɗiya za ya faɗi a kan siminti. Mai sikila, sanyin ƙasa da ƙishirwa su ne ke ta da masa ciwo. Mace mai ciki tana bukatar awo. Raunin da aka bari ba wanki ya kan ruɓe, har a kai ga yanke ƙafar da ɗinki huɗu ya isa ya cece ta. Ga kuma cututtukan cunkoso: ƙazuwa, amai da gudawa, sanƙarau a lokacin zafi, da uwa-uba tarin fuka.

Ku tsaya a kan tarin fukan nan, domin ya shafe ku ko da ba ku taɓa taka ƙofar caji ofis ba. Ta iska a ke ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shi ɗaya da ba ya shan magani yana iya shafa wa mutum 5 zuwa 15 cikin shekara guda, balle a ɗakin da a ke kwana ƙafa da kai, taga kamar tafin hannu. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma sai an sha shi wata shida ba fashi. In aka kama mutum yana wata na biyu aka katse masa, ƙwayar cutar tana iya yin taurin kai ta daina jin maganin. Daga nan fa? Gandiroba ya kan koma gidansa kowace yamma. Wanda aka ba beli ya kan dawo nan Bacirawa, ya kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa, ya zauna kusa da kai a masallaci. Katanga tana tsare mutum, ba ta tsare tari.

BA YAU AKA FARA BA

Dattawan da ke zaune a gaba sun fi ni sanin zamanin En'e, zamanin 'yan doka da gidan yari. Sun san abin da 'yan NEPU suka gani bayan kafa ta a Kano a 1950, yadda a ke ɗaure mutum don ya halarci lacca. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan yari har sau 16. A 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, aka yi zaton wahala ta ƙare. Amma gidan yarin Kurmawa da aka gina tun 1910 bai ƙara faɗi don an sake masa ubangida ba.

A 1980, a Ikko, watau Legas, aka cusa waɗanda a ke tuhuma cikin motar nan ta ɗaukar fursuna da a ke kira Baƙar Mariya, aka bar su a rufe cikin zafi. Da aka buɗe, kimanin mutum 50 sun mutu don rashin iska. Ba ko ɗaya a cikinsu da alƙali ya yanke wa hukuncin kisa.

Kada kuma ku ce talaka kaɗai abin ke ci. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, wanda ya zama na biyu a mulkin ƙasar nan daga 1976 zuwa 1979, a gidan yarin Abakaliki ya rasu ran 8 ga Disamba 1997. Cif Mashudu Abiola, da duk dukiyarsa, a tsare ya rasu ran 7 ga Yuli 1998, shekara huɗu bayan kama shi, ba a kuwa gama shari'arsa ba. In ƙofar nan ta rufe a kan irin waɗannan ba su fito da rai ba, mai jaki da mangala fa?

A Afirka ta Kudu ma, zamanin mulkin wariyar launin fata, 'yan sanda suka yi wa Steve Biko rauni a ka a 1977. Likitoci suka duba shi suka kau da kai, aka jefa shi bayan mota tsirara aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi, ya mutu ran 12 ga Satumba. Sai a 1985 aka hukunta likitocin nan biyu. Nelson Mandela kuwa, da ya yi shekara 27 a ɗaure, tarin fuka ya kama shi a kurkuku a 1988. Shi an kai shi asibiti, ya warke, ya fito ya shugabanci ƙasarsa. Ku dubi bambancin mutum biyun nan: ɗaya an hana shi magani, ɗaya an ba shi. Domin tunawa da Mandela ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunansa a kan ƙa'idojin kula da fursunoni da ta amince da su a 2015. Ƙa'ida ta 24 ta ce lafiyar wanda ke tsare nauyin gwamnati ne, a kuma ba shi kulawa daidai da ta mutumin waje, kyauta. Ta 30 ta ce likita ya duba kowa da zarar an shigo da shi.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin Halifa Haruna Rashid, Alƙali Abu Yusuf ya rubuta masa a Kitabul Haraji cewa cin 'yan kurkuku da tufafinsu na ɗari da na zafi daga baitulmali za su fito.

DOKA TANA NAN, AIKI DA ITA NE BABU

Yanzu ku buɗe kunne da kyau, domin abin da zan lissafa muku haƙƙinku ne, ba alfarma ba ce.

Na farko, Tsarin Mulki, sashe na 34, ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi. Sashe na 35 ya ce, in ba a manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne ba, a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Mu nan kotu ba ta yi mana wannan nisa ba.

Na biyu, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Sashe na 7 ya ce wanda aka kama yana da ikon neman likitan da shi ya zaɓa ya duba shi bayan an yi masa tambayoyi, ba tare da 'yan sanda sun sa baki ba, kuma wajibi ne a sanar da shi wannan haƙƙi. Amsa laifin da aka samo da duka ba ta zama hujja a kansa. Jami'in da aka samu da azabtarwa kuwa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25.

Na uku, dokar kula da masu raunin harbi, ita ma ta 2017. Asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, dole ya karɓi mai raunin bindiga nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin ajiya ko babu. A fara ceton rai, sa'an nan a sanar da hukuma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ita ma ta hana a ƙi mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Na huɗu, dokar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta sake wa gidajen yari suna. Ta hana shugaban gidan ya karɓi mutumin da aka kawo da mummunan rauni, ko a sume, ko mai taɓin hankali, ko yaro ƙarami. Mai rauni asibiti ne wurinsa. Mai taɓin hankali ga asibitin Dawanau nan, ba a bayan ƙarfe ba.

Na biyar, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda Jihar Kano ta yi tata a 2019, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Sun hana a kama uba don ɗa ya gudu, ko mata don miji. Sun kuma ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sandan yankinsa kowane wata, ya ga waɗanda ke tsare da idonsa, ya ba da belin wanda ya cancanta.

Kotu ma ta yi magana. Waɗansu masu jiran shari'a a gidan yarin Fatakwal, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, shari'ar da aka sani da sunan Odafe. A 2004 kotu ta ce barinsu ba magani keta Tsarin Mulki ne, keta Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ne, wadda ta zama doka a Nijeriya tun 1983, ta kuma ba da umurni a kai su asibiti.

To, ga dokoki jibgi guda. Me ya sa yaranmu suka faɗi a kotu a 2024? Domin takarda ba ta sayen allura. A watan Disamba na 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya gaya wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa Naira 750 a ke kashe wa kowane fursuna a abincin yini, karnukan hukumar kuwa Naira 800. A 2024 aka ƙara na fursuna zuwa 1,125. Ku da ke auna hatsi a Dawanau, ku lissafa da kanku abin da wannan za ya saya, safe da rana da dare. Jikin da bai ƙoshi ba, kowace cuta gidanta ne.

GA MASU CEWA ƁARAWO MA SAI MAGANI?

Na ga wani can baya yana girgiza kai, kuma na san abin da ke ransa. Watakila an ƙwace wayar ɗansa, har aka sare shi. Yana cewa, ni da na biya kuɗin ɗinkin ɗana da kaina, za a ɗebi kuɗin gwamnati a yi wa wanda ya sare shi magani? Malam, fushinka a kan hanya ya ke, ba kuma za mu ce ka haɗiye shi ba. Amma ka yi tunani a kan abu uku. Da fari, ba kowane da aka kama ne ya yi ba, kotu ce ke rarrabewa. Na biyu, gawa ba ta tsayawa gaban alƙali. In ya mutu a bayan kanta, ya tafi da sunayen abokan ta'asarsa, da sunan mai sayen kayan satar, kai kuma ba waya ba diyya. Na uku, in an same shi da laifi, alƙali za ya yanke masa abin da doka ta ce. Ba a cikin littafin dokar Jihar Kano, ko na shari'ar Musulunci, inda aka rubuta hukuncin ruɓewar ƙafa ko mutuwa da zazzaɓi. Mu so mu ke a yi masa magani ya miƙe da ƙafarsa ya fuskanci shari'a, a kuma kula da wanda ya sara.

Wani kuma za ya ce, mu da ke waje ma ɗakin shan maganinmu ba magani. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Amma ba rabon Bacirawa za a ɗiba a kai gidan yari ba. Hannun da ke sace kuɗin maganin ƙauye, irinsa ne ke sace na fursuna. Ku lura kuma, idan babban mutum ne a ke tuhuma da cin biliyoyi, sai ku ga lauyoyi goma sun tsaya, an kawo shi kotu a kan gadon asibiti, ana neman izni ya tafi ƙasar waje ganin likita. Ba mu ce a hana shi haƙƙinsa ba. Mun ce dokar da ta san ciwon mai babbar riga, ta san na mai taguwa.

ABIN DA JAM'IYYARMU ZA TA YI

Za a ce muku 'yan sanda na Tarayya ne, jiha ba ta da hannu. Wannan rabin gaskiya ne. Majistarori na jiha ne. Ma'aikatar shari'a da ke riƙe fayil wata da watanni kafin ta ba da shawara, ta jiha ce. Asibitin Murtala da Asibitin Zana na jiha ne. Galibin masu jiran shari'a laifin dokar jiha a ke tuhumarsu da shi. Tun 2023 kuma aka gyara Tsarin Mulki, jihohi suka sami ikon shiga harkar gidajen gyaran hali. A shekarar ce aka buɗe sabon gida mai ɗaukar mutum 3,000 a Janguza. Gini ya yi kyau, amma gini ba likita ba ne. Saboda haka, in kun ba mu ƙuri'unku, ga abin da muka ɗauka:

1. Za mu haɗa kowane ofishin 'yan sanda da asibitin gwamnati mafi kusa da shi, malamin asibiti ya riƙa leƙawa, ya duba wanda aka kama, ya rubuta halin da ya same shi a littafi.

2. Za mu ware kuɗi da sunansu a cikin kasafin jiha don maganin waɗanda ke tsare, a karanta su a Majalisar Dokoki kowa ya ji, domin kada a ƙara ce wa uwa ta kawo kuɗin man mota kafin a kai ɗanta asibiti.

3. Za mu ba majistarori mota da guzurin zagayen wata-wata, a kuma riƙa bayyana rahotonsu.

4. Za mu sa a gwada duk wanda za a shigar gidan yari ko yana da tarin fuka, a ware mai shi, a kuma ci gaba da ba kowa maganin da ya ke sha tun daga gida.

5. Za mu ƙara lauyoyi a ma'aikatar shari'a, mu sa wa'adi ga ba da shawara, domin rage cunkoso shi ne rabin magani.

6. Duk wanda ya mutu a hannun hukuma, za a bincika, likitan da ba ya ƙarƙashin masu tsaron ya duba gawar, a gaya wa iyalinsa gaskiya.

7. 'Yan takararmu na Majalisar Wakilai da ta Dattawa za su tsaya a kan ƙarin kuɗin abinci da magani, su kuma bi sawun kuɗin har cikin tukunya.

NAKU AIKIN

Kafin ranar zaɓe ma, akwai abin da ke hannunku. In an kama naka, kada ka zauna gida kana salati kawai. Ka je da dattijo ko mai unguwa. Ka tafi da katin asibitinsa da maganin da ya ke sha, ka gaya wa babban jami'in ofishin ciwon da ke gare shi a gaban shaida, ka riƙe rana da lokaci. In ka ga rauni a jikinsa, ka nemi a kai shi asibiti, ka ambaci dokar 2017. Ranar da aka kai shi kotu, shi ko lauyansa ya gaya wa alƙali ba shi da lafiya, domin a rubuta. In ba ka da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da aka kafa tun 1976, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a Kano. Ka yi magana da ladabi, gama ɗan sandan nan ma ɗan talaka ne, sau da yawa daga aljihunsa ya ke saya wa na tsare burodi. Amma ladabi daban, tsoro daban.

Sa'an nan duk ɗan takarar da ya zo nan neman ƙuri'a, namu ne ko na wata jam'iyya, ku tambaye shi: in an kama ɗana da ciwo, wa za ya ba shi magani, kuma daga wane aljihu? In ya yi dariya ya miƙo muku atamfa da taliya, kun san amsarsa. Mu ma kada ku yarda da mu don daɗin baki. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ku adana wannan ɗan littafi a cikin adaka, ranar da muka dawo neman wata ƙuri'ar ku fito da shi ku karanta mana alkawuran nan bakwai ɗaya bayan ɗaya.

Jama'ar Bacirawa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yaran da suka faɗi a kotun Abuja 'ya'yan wasu ne kamarku, iyayensu kuma ba su taɓa zaton abin za ya zo ƙofarsu ba. Ku nemi katinku na zaɓe tun yanzu, ku fito da sassafe, maza da mata, ku jefa ƙuri'a, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Ban da faɗa, ban da zagi, kada mu ba kowa dalilin kama yaranmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti da na tsare. Allah ya fid da wanda aka zalunta. Allah ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu tausayi.